Burodi Da Ɗanyen Tumatir, Abincin Rana Na Mai Aikin Alƙalami

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ara mini filina na ko wane mako. Cikin takardun da ka turo mini akwai ta wani akawu saurayi, wanda ya ce kada a faɗi sunansa ko ofishinsu. Ya ce kullum in an tashi cin abincin rana ya kan tafi wurin mai tuwo ya cika cikinsa da shinkafa da wake, ko tuwo malmala biyu, in ya komo ya zauna sai idanunsa su yi nauyi, lissafi ya riƙa yi masa rawa a fuskar kwamfuta, har ran nan babban akawu ya tarad da shi ya kifa kai bisa tebur, ya yi masa kashedi a gaban masinja. Shi kuwa ba shi da iyali tukuna, ba mai dafa masa. Tambayarsa ita ce, shin akwai abinci marar nauyi, mai daɗi, mai araha, wanda mutum zai haɗa da hannunsa ba tare da ya ɗora tukunya ba?

Akwai kuwa, Malam Akawu, ba kuma kai kaɗai ke da wannan ciwo ba. Ka tambayi ko wane malamin makaranta wace sa'a ce ta fi masa wuya, zai ce maka ta bayan azahar. Abin da zan ba ka shi ne yanka biyu na burodi da ɗanyen tumatir a tsakani, abin da Turawa ke kira sanwici. Na san tun ban rufe baki ba waɗansu sun fara murmushi, suna cewa ɗanyen tumatir ai sai akuya, mu dai a miya muka san shi. Waɗansu kuma za su ce cimar Nasara ce, sai mai neman a ce ya waye. Ku yi haƙuri ku ji tukuna, gama alƙali ba ya yanke hukunci da jin ɓangare guda.

Mu fara da sunan. A ƙasar Ingila an yi wani basarake a ke ce masa John Montagu, an haife shi 1718, ya rasu 1792, shi ne na huɗu da ya riƙe sarautar da a ke jingina wa garin Sanwic, sau uku kuma ana ba shi shugabancin ma'aikatar jiragen ruwan yaƙi. Labarin da ya fi yawo shi ne wai ɗan caca ne, ba ya son tashi daga wurin karta, sai ya sa a riƙa kawo masa nama a tsakanin burodi ya ci da hannu guda. Amma waɗansu masu binciken tarihinsa sun ce a teburin aiki ya ke cin abin, don takardu sun yi masa yawa. Ni na fi karkata ga na biyun, ko ba kome ya fi dacewa da mu ma'abuta alƙalami. Ko wanne ne gaskiya, kalmar ta shiga bakin mutanen Landan tun 1762. Sunan dai nasu ne, amma sa abu a cikin burodi a ci, wannan ya girmi Montagu da kakanninsa.

Shi kuwa tumatir baƙo ne wurin Bature kamar yadda ya ke baƙo a wurinmu. Asalinsa ɗan daji ne, ƙanana kamar 'ya'yan magarya, a yammacin Amurka ta Kudu, wajen Feru da Ekwado. Mutanen Meksiko suka raine shi ya zama amfanin gona, da harshensu kuma a ke ce masa tomatil, sunan da ya bi duniya yana sauya riga har ya iso bakinmu. Bayan Sifaniyawa sun ci Meksiko da yaƙi cikin 1521 aka ƙetare da irinsa zuwa Turai, wani likitan Italiya mai suna Mattioli ya siffanta shi cikin littafinsa na tsirrai a 1544. To, kun san abin dariya? Ingilishi sun daɗe suna shuka shi don ado kawai, suna tsoron kai shi baki, wai dafi gare shi. Ba su rasa hujja ɗungum ba, gama dangi ɗaya ya ke da zaƙami da taba. Amma cikin dangin nan har wa yau akwai gauta da yalo da barkono, in kuwa za a kama mutum da laifin ɗan'uwansa, da ba mai kwana gida. Mu da ke tauna ɗanyen yalo a tsakiyar kasuwa ba mu da bakin ƙin ɗanyen tumatir.

Ko wace ƙasa kuma da yadda ta ke haɗa nata. Ingilishi su kan yanka burodi siriri, su shafa man shanu, su ci da shayi da la'asar. Mutanen Kataloniya, wajen Basalona a ƙasar Sifen, ba su ma yanka tumatirin, sai su raba shi biyu su goga a jikin gasasshen burodi, su ɗiga man zaitun, su barbaɗa gishiri. Mu fa? Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai gurasa a birnin Kano, ya ga an yayyafa mata ruwa, an barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli, an zuba man gyaɗa, an yayyanka albasa da ɗanyen tumatir a kai, an ce ga bandashe, to, ya riga ya ci ɗan'uwan sanwici, sunan ne kawai bai sani ba. Ashe abin da mu ke ƙi a faranti shi mu ke lashe yatsa a kansa a bakin titi.

To, mu koma ga aikin. Abin da na ke so ka riƙe, Malam Akawu, ko ka manta da sauran, shi ne wannan abinci ba shi da inda zai ɓoye aibi. Miya uwar rufin asiri ce. Tumatir ya yi ɗanye, ko ya fara saki, ko ba shi da ɗanɗano, in an markaɗa shi da tattasai da attarugu, an soya, an jefa daddawa, ba mai ganewa. Sanwici kuwa abu huɗu ne ko biyar, ko wanne a fili ya ke, in tumatirin lami ne, duka abincin lami ne, ko ka juye masa kayan ƙanshin ƙasar Hindu gaba ɗaya. Saboda haka rabin aikin a kasuwa a ke yinsa, tun ba a ɗauki wuƙa ba.

Mafi yawan tumatirin da ke zuwa kasuwanninmu ba don harshenka aka shuka shi ba, don hanya aka shuka shi. Irin da 'yan gwari ke kira UTC, da ɗan'uwansa Roma, masu tauri ne da kaurin fata, an zaɓe su don su jure a danna su cikin kwando, a ɗora kwando bisa kwando, mota ta yi ta girgiza su har ta kai Ikko, watau Legas. Don wannan tafiya kuma a kan cire su tun da sauran kore. Tumatir ya kan ci gaba da yin ja bayan an cire shi, amma abin da ya ke samu daga uwarsa ya tsaya ke nan tun ranar da aka raba su. Shi ya sa za ka ga abu ja wur a ido, ka yanka ka ji kamar ka tauna ɗanyar kabewa.

Ga yadda na ke zaɓe. Ɗauki ɗaya ka auna a tafin hannu, mai kyau ya kan fi girmansa nauyi. Ka taɓa shi a hankali, kada ka matse wa mai kaya kayansa: in ya yi tauri kamar dutse bai kai ba, in yatsa ya nutse ya wuce, wanda a ke so shi ne mai ɗan sassauci kamar tsokar tafin hannu. Sa'an nan ka kai shi hanci, wajen da ya rabu da reshe. In ka ji ƙanshin nan irin wanda ke kama hannun mai lambu, ka saya. In hanci bai ji kome ba, harshe ma ba zai ji ba. Mai tsaga, da mai baƙin tabo, da mai ɗigar ruwa, ka bar su ko da gyara aka ba ka. Kada kuma ka raina na gargajiya da matan ƙauye ke kawowa a ƙwarya, ba su da kyaun gani, ba su jure tafiya, amma sau da yawa sun fi na kwando ɗanɗano nesa ba kusa ba. In da mai lambu kusa da kai, ka roƙe shi ya bar maka 'yan ƙwayoyi su nuna a jikin uwa, ka biya shi da ɗan ƙari.

Lokaci ma da nasa hukunci. Tumatirinmu ɗan rani ne, sanyin hunturu ya ke so. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, ruwa ya bi magudanai zuwa Kadawa da Kura da Garun Malam, daga Janairu zuwa Maris kasuwar Kwanar Gafan ta kan cika ta batse, haka Ɗanja a ƙasar Katsina, da Hunƙuyi kusa da Zariya. A watannin nan ya fi daɗi, a nan kuma ya fi araha, abu biyu da ba kasafai su ke haɗuwa a kaya ɗaya ba. A nan ne kuma zuciya ke ɓaci, don masu ƙididdiga suna ƙiyasta kimanin kashi 40 cikin 100 na abin da mu ke nomawa lalacewa ya ke yi kafin ya kai tukunya, mu kuwa muna wucewa ta gefensa mu shiga kanti mu sayi na gwangwani. In zafin bazara ya shigo furensa ya kan zube, da damina cuta ta yi masa yawa, sai ya yi tsada. Wanda ya ga 2016 ba zai manta ba, shekarar da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonaki, har gwamnatin Kaduna ta yi shelar dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ita ma daga Amurka ta Kudu ta fito, ta biyo sawun ɗan garinsu.

In ka kawo shi gida kada ka jefa shi cikin firji, ko da kana cikin masu sa'ar wutar lantarki. In sanyi ya yi ƙasa da digiri 12 a ma'aunin Salshiyas, abubuwan da ke haɗa masa ƙanshi su kan daina aiki. Masana a Jami'ar Fulorida ta Amurka sun gwada, suka buga sakamakon cikin 2016: tumatirin da ya yi mako guda cikin sanyin firji ya yi hasarar ƙanshi mai yawa, ko da aka fito da shi ya sha iska bai komo daidai ba. Ka kife shi bisa faifai a inuwa. In da sauran ɗanyantaka, ka rufe shi cikin ƙwarya tare da nunanniyar ayaba kwana ɗaya ko biyu, gama ayaba tana fid da wata iska mai gaggauta nuna. Firji sai ga wanda ya nuna sarai kana tsoron ya ruɓe.

Yanzu ga maganar da ba ta son wasa. Abin da za a ci ɗanye wuta ba za ta tsarkake shi ba, ruwa ne kaɗai gatansa. Waɗansu lambunan bayan gari da ruwan kwata a ke ba su, kwandon da ya ɗauko ruɓaɓɓe jiya shi ya ɗauko na yau, hannu nawa kuma ya taɓa shi a kasuwa, Allah kaɗai ya sani. Ta irin wannan hanya taifot da amai da gudawa ke shiga gida. Ka wanke hannunka da sabulu tukuna, sa'an nan ka wanke tumatir ɗaya ɗaya da ruwan da kai kanka za ka yarda ka sha, kana zubawa kana murzawa, ba ka tsoma su duka cikin kwano guda su yi wanka da dauɗar juna ba. Ka tsane shi, ka ƙwaƙule gurbin reshen ka yar. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama kada ta kusanci wannan aiki sai ta sha sabulu. Mu da muka san hukuncin ruwan alwala, launinsa da ƙanshinsa da ɗanɗanonsa, bai kamata a faɗa mana wannan sau biyu ba.

Wuƙa ta zama mai kaifi, gama dakusasshiya ba yanka ta ke yi ba, matsa ta ke yi. Ka kwantar da tumatir ka yanka shi a gicciye, fala-fala, kauri kamar na fensir. In ya fi haka siriri ya narke, in ya fi kauri ya zame ya faɗo bisa riga. Ka jera yankan bisa faranti, ka ɗebi gishiri da yatsu uku ka barbaɗa daga sama, ka juya ka ƙara kaɗan, sa'an nan ka ƙyale shi minti 10. A nan mafi yawan mutane ke faɗuwa, don gaggawa. Tumatir kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne, gishiri kuwa halinsa ne ya jawo ruwa daga cikin abu zuwa waje, kamar yadda ya ke yi wa ɗanyar fata wurin masu ƙirgi. In ka ba shi lokacinsa, ruwan da zai jiƙe maka burodi ya fito ya zauna a faranti, abin da ya rage ɗanɗanonsa ya taru wuri guda, gishirin kuma ya ratsa ciki maimakon ya tsaya a bisa. Ka ɗanɗana yanki ɗaya kafin gishiri, ka ɗanɗana wani bayansa, ka rantse ba gona ɗaya suka fito ba.

Akwai masu dafuwa da ke cewa a matse 'ya'yan tumatir da ruwan nan mai yauƙi da ke kewaye da su a zubar, wai don kada burodi ya jiƙe. Ni ban yarda da wannan ba ko kusa, tamkar a dafa rago ne a zub da romon. Cikin 2007 masana a Jami'ar Redin ta Ingila sun auna, suka tarar sinadarin nan gulutamet, wanda ke ba daddawa da dunƙulen magi daɗinsu, ya fi yawa cikin wannan yauƙin bisa cikin naman tumatir. Watau Allah ya halicce shi da maginsa a ciki, ba sai ka marmasa masa dunƙule ba. Ruwan da ya taru a faranti ma kada ka zubar, ka dangwala gefen burodi ka ci, ladan mai aiki ke nan.

Sai burodi. Irin wanda mu ke saya wurin mai shayi sukari ya yi masa yawa, ga laushi kamar auduga, da ya ga ruwa sai ya zama kunu. Ka nemi marar zaƙi sosai, in ka sami na alkama mai dusa ya fi riƙe ciki. Na jiya ya fi na yau, don ya sha iska ya yi jiki. In kana ɗora ruwan shayi da safe, ka sa busasshen kasko a wutar nan, ka gasa fuska ɗaya kaɗai ta ko wane yanka, ka bari ta huce. Gasasshiyar fuskar ita za ta kalli tumatir, mai laushin tana waje, ta haka ciki ya sami katanga, baki kuma bai sha kaushi ba. Bakano kuwa in ya tsaga gurasa ya yi aljihu da ita, ba ni da abin da zan koya masa.

Tsakanin burodi da tumatir lalle a sami maiƙo, ba don daɗi kaɗai ba. Mai da ruwa ba su shiri, in ka shafe fuskar burodi har bakin gefe, ba ka bar ko kusurwa ba, ruwan tumatir ba shi da ƙofar shiga. Bota na kanti ya yi. Bama ta yi, sai dai tana da nauyi, cokalin shayi ɗaya ya ishi yanka guda. Man gyaɗa mai ƙanshi na matan gida, a ɗiga kaɗan a baza da bayan cokali, shi ma ya yi. Amma in an bar ni da zaɓina, soyayyen man shanu, wanda aka soya da 'yar albasa ya huce ya daskare. Na ce soyayye, don ɗanyen da a ke sayarwa cikin nono sau da yawa daga madarar da ba a tafasa ba a ke kaɗa shi, ba na kuwa so in raba ka da barci in haɗa ka da zazzaɓi. A shafa siriri, yadda za ka riƙa hango burodin ta ƙarƙashi.

Wajen kayan ƙanshi ina roƙo a kama hannu. Masoro kaɗan, dakan yanzu. Ganyen ɗoɗɗoya biyu ko uku, a yayyaga da hannu, gama ita da tumatir tamkar fura ce da nono. In tumatirin ba shi da tsami, ɗigo uku na lemun tsami ya tashe shi. Mai son albasa ya yanka ta siriri ya jiƙa cikin ruwan sanyi ya rage mata zafi, ya kuma tuna akwai abokan aiki, akwai sahun salla. Mai son yaji ya barbaɗa na tsire, amma ya rage gishiri, don yajin da gishirinsa ya ke zuwa. Garin ƙuli-ƙuli cokali ɗaya shi na fi so, yana ba da ɗan garas-garas, yana kuma shanye sauran ruwa. Cikin waɗannan ka zaɓi biyu, kada ka tara su duka. Na sha ganin samari sun fara da tumatir, sai su ce bari a sa kifin gwangwani, a soya ƙwai uku, a ƙara kabeji, kafin ka ce kwabo abu ya zama tulin da baki ba ya iya buɗe masa. Wannan ma abinci ne, ban hana ba, amma mai cinsa barci zai yi kamar mai malmala biyu, an gudu ba a tsira ba.

Haɗawa ba ta da wuya. Ka ɗaga yankan ɗaya ɗaya ka bar ruwan ya ɗige, ka jera su bisa burodin da ka shafe, bakin wannan bisa bakin wancan kamar jinkar ɗaki, hawa ɗaya tak. Ka barbaɗa abin da ka zaɓa, ka rufe, ka ɗan danna da tafin hannu, ka raba biyu. Ka yi bisimilla ka ci nan take, gama ba ya jiran kowa.

Ga ka kuwa ofis za ka, abincin rana ka ke nema ba na safe ba. To, kada ka haɗa shi tun a gida. Ka shafe burodinka da man shanu ko man gyaɗa, ka haɗa fuska da fuska, ka naɗe cikin takarda mai tsabta. Wankakken tumatir ka tafi da shi ɗungum ba yanka, gishiri da masoro a ƙulle, 'yar wuƙa da faranti biyu a aljihun tebur. In an tashi ka yanka, ka barbaɗa gishiri, ka rufe saboda ƙuda, ka tafi ka yi alwala ka yi salla, kafin ka komo gishiri ya gama aikinsa. Dalilin wannan ba jiƙewar burodi kaɗai ba ne. Tumatir muddin yana cikin fatarsa a tsare ya ke, da an yanka shi ƙwayoyin cuta sun sami wurin hayayyafa. Masana kiwon lafiya suna gargaɗi kada irin wannan abinci ya wuce sa'a 2 a waje, in kuwa zafi ya haura digiri 32, sa'a 1. Ku faɗa mini, a Sakkwato ko Maiduguri, wace rana ce cikin Afrilu ba ta haura haka?

Kada kuma in yi maka alkawarin da ba zan cika ba. Nauyin idon nan na bayan azahar ba abinci kaɗai ke kawo shi ba, haka aka gina jikin ɗan Adam, ƙarfinsa ya kan ɗan sauka a wannan sa'a ko ya ci ko bai ci ba, shi ya sa magabata suka san ƙailula. Abinci mai nauyi ƙara masa ya ke yi, kamar a ɗora wa gajiyayyen jaki buhu na biyu. Wanda kuma ya raba dare yana latsa waya, ba tumatirin da zai cece shi. Malamanmu sun fi ni sanin hadisin da ya raba ciki kashi uku, ba sai na tsawaita ba. Sa'an nan wannan abinci na mai zama ne. Giram 100 na tumatir ƙarfin da ke cikinsa kalori 18 ne kacal, abin da ya ke da shi bitamin C ne da ɗanɗano, burodin da man su ke riƙe ka. Manomi da ɗan dako in ka ba su wannan da rana ka zalunce su. Kai ma in yunwa na kama ka kafin la'asar, ka ci dafaffen ƙwai ɗaya a gefe, ko awara yanka biyu, ka bar tuwonka sai dare. Mai ciwon sukari ya kula da irin burodin da ya ke saya, mai fama da ƙwannafi kuma ya gwada kaɗan tukuna, don tsamin tumatir ya kan tayar wa waɗansu da shi.

Saura roƙo ɗaya. Tumatirin gargajiya da na ambata, irin kanti na cikin fakiti yana ta korarsa daga lambuna. Malaman makaranta na ƙauyuka, ku da ke kusa da masu lambu, in akwai wani iri a wajenku da tsofaffi ke yabon daɗinsa, ku rubuto wa Edita sunansa da siffarsa da watan da ya ke nuna, in da hali kuma ku shanya 'ya'yansa bisa takarda ku ajiye. Abin da ya zo zan jera shi a wannan fili. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan amsa takardar malamin da ya yi tambaya yadda a ke shanya kauɗa ba tare da ƙasa ta shiga ba.

Haza wasalam.

Naku,
Mai Lambu